Kurakuran da Bahaushe ya fi yi a Italiyanci na yau da kullum

Bahaushe yana shiga Italiyanci da jari a hannunsa, sai dai sau da yawa bai san yana da shi ba. Kunnen da ya raba "mana" da "manna", ko "daba" da "dabba", shi Italiyanci yake nema. Amma Turanci da Faransanci sun saba mana da karanta baƙi biyu a jere kamar ɗaya, kuma a nan ake yin ɓarna. Sette bakwai ne, sete ƙishirwa. Nonno kaka ne namiji, nono kuwa "na tara", ba na dama fura ba. Wanda ya fi sa kunya shi ne anno, shekara: ka sassauta n ɗin ka ce ano, ka ambaci dubura a bainar jama'a. Maganinsa ka danne baƙin yadda kake danne shi a "hannu".

Harafin c ma yana yaudararmu. A gaban e da i, sautinsa irin namu ne, kamar a cena, abincin dare. A gaban a, o da u kuwa k ne, don haka casa, gida, ba ta da alaƙa da casar gero. Ch kuma kullum k ne: perché "perke" ake faɗa.

P da v sai an zauna musu, domin bakinmu yana mai da su f da b. Pare "da alama" ne, fare "yi". Vene jijiyoyi, bene lafiya lau. Tsaya gaban madubi. A p leɓɓa biyu suna haɗuwa su fashe, a f da v haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa.

Gaisuwa ce ta fi damuna, don mu mutane ne da ba ma wasa da ita. Ciao ita kowa ya fara koya, sai ka ga saurayi ya shiga Questura, hedkwatar 'yan sanda, neman permesso di soggiorno, takardar izinin zama, ya jefa wa jami'i ciao kamar abokin wasansa. Ciao ta abokai ce da 'yan uwa da yara. Ga babba ko wanda ba ka sani ba, buongiorno da safe zuwa rana, buonasera da yamma, arrivederci wajen rabuwa. Mu da "ku" muke girmama mutum, shi ya sa baki ke tafiya ga voi, "ku" ɗin Italiyanci. Ana jin voi ɗin a kudancin ƙasar, amma daidaitaccen harshe Lei yake amfani da ita, ga mace da namiji duka. Come stai (yaya kake) da scusa (gafara dai) ga aboki, come sta da scusi ga dattijo.

Yunwa da ƙishirwa da shekaru, mallakarsu ake yi a Italiyanci: ho fame, ho sete, ho 20 anni. Idan zafi ya dame ka, ho caldo za ka ce, ba sono caldo ba. Caldo kuma zafi ne, ko da kunnen mai Turanci yana jin sanyi a ciki. Sanyi freddo ne. Haka camera ɗaki ce, parenti dangi, iyaye kuwa genitori.

Kada ka haddace suna shi kaɗai, haɗa shi da il ko la ɗinsa, il na namiji, la ta mace. Yawancin masu ƙarewa da a mata ne, kamar a Hausa, masu ƙarewa da o kuma maza, amma il problema, matsala, namiji ne, la mano, hannu, kuma mace.

Sai maganar abinci, wadda ga Musulmi ta wuce batun nahawu. Mutum ya koyi maiale, alade, ya ɗauka ya gama. Alhali ba kasafai ake rubuta maiale a jikin abincin ba. Prosciutto, pancetta, guanciale da mortadella duk daga alade ake yin su a al'ada, salame ma galibi haka. Strutto kitsen alade ne, yana shiga piadina ta gargajiya, wata irin gurasa, da wasu burodi, sai ka duba bayan leda ƙarƙashin ingredienti za ka gan shi. Kafin ka miƙa kuɗi, tambayi mai shago: "Scusi, c'è maiale o strutto?", wato "Gafara dai, akwai alade ko kitsensa a ciki?"