Darasi na Shida: Eriya, Waya da Busta

A ranar 30 ga Afrilu, 2016 aka ƙaddamar da talabijin na dijital a Jos, kafin kowane gari a Najeriya. Tun daga nan matsalar kallo ta sauya kama. A da, in sigina ya yi rauni, hoto kan yi dishi-dishi amma ana gani. Yanzu sai ya daskare, ya farfashe, ko ya ɗauke gaba ɗaya.

Da yawanmu da mun ga haka sai mu nufi kasuwar Taminus sayen busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina. Dakata tukuna, fara duba wayarka.

In ka feɗe bakin wayar eriya za ka ga silin jan ƙarfe a tsakiya, farar roba ta rufe shi, sannan saƙar siraran wayoyi, sai robar waje. Silin tsakiya ne ke ɗauko sigina, saƙar kuma tana kare shi. Ko zare ɗaya na saƙar ya taɓa silin, hoto ya tafi. Wajen saye, karanta rubutun jikin wayar da kanka, ga amfanin karatun da muke yi ke nan. Nemi RG6. Ta fi RG59 kauri, kuma ba ta zubar da sigina kamarta. Kada ka bar ragowar waya a naɗe bayan talabijin, kowace mita tana rage ƙarfi. Mahaɗin da ke waje kuwa, naɗe shi da baƙin tef sosai, domin ruwan daminar Jos in ya shiga waya sai tsatsa ta cinye saƙar.

Busta ba ta ƙirƙiro sigina. Abin da eriya ta kamo shi take ƙara wa ƙarfi, mai kyau da marar kyau. Shi ya sa ake ɗaure ta a jikin sandar eriya, ba a bayan talabijin ba. Tana da amfani in wayar ta yi tsawo, ko an raba ta ɗaki biyu, don rabawar na cinye rabin sigina. Wanda dutse ya tare wa gida, ƙara tsawon sanda ya fi masa. Na kusa da tashar talabijin kuma busta na iya ɓata masa hoto.

In za ka hau rufi, nisanci wayar lantarki, kuma kada ka hau in hadari ya haɗu. Bar wani a ɗaki ya buɗe shafin sigina a dikoda. Kana juya eriya a hankali, yana karanto maka lambar, inda ta fi yawa ka ɗaure.