Yadda Ake Samun Exeggutor Mai Dogon Wuya na Alola

Exeggutor halitta ce mai siffar bishiyar kwakwa a wasannin Pokémon. Na yankin Kanto tsawonsa mita 2 ne, amma tun fitowar Pokémon Sun da Moon a 2016 aka samu na yankin Alola, wanda ya miƙe har mita 10.9, wai don tsananin ranar tsibiran. Daga Exeggcute guda, wata halitta mai kama da tarin ƙwai, ake samun su duka biyun, kuma wurin da aka rikiɗar da shi ne ke yanke hukunci.

Da farko sai ka kama Exeggcute. Idan labarin wasan ya kai ka tsibirin Poni, ka shiga jirgin ruwa daga Seafolk Village zuwa Exeggutor Island, ka riƙa kutsawa cikin ciyawa har ya fito. Dutsen da ke rikiɗar da shi, wato Leaf Stone, ana sayar da shi a shagon Olivia da ke Konikoni a tsibirin Akala, don haka gara ka saye shi tun kana can.

Sai dai kada ka yi gaggawar ɗora masa dutsen. Exeggcute yana koyon dabarun faɗa na Leech Seed (mai tsotse ƙarfin abokin karawa) da Sleep Powder (mai sa shi barci) ne yayin da matakinsa ke hawa, kuma da zarar ya rikiɗa ba zai ƙara koyon su ta wannan hanyar ba, alhali dabarar sa abokin karawa barci ita ce ke ceton halitta mai nauyin jiki irin wannan. Wanda aka kama a Exeggutor Island ya riga ya wuce matakan koyon su, don haka in ba shi da su, sai ka kai shi wurin mai tuna wa Pokémon dabaru kafin ya rikiɗa. Bayan ya same su, ka buɗe jaka, ka zaɓi dutsen, ka ba shi. Nan take zai koyi harin Dragon Hammer.

Rikiɗar kuwa ba a tsawo kaɗai ta tsaya ba. Na Kanto tsiro ne mai ƙarfin ƙwaƙwalwa, wanda harin ƙwari ke yi wa illa ninki huɗu. Na Alola tsiro ne haɗe da diragon, kuma ƙanƙara ce ke yi masa wannan ɓarnar. A ganina, duk wanda zai sa shi a tawaga ya tanadi mai wuta ko mai ƙarfe a gefe.

Mai son na Kanto a wasannin Ultra Sun da Ultra Moon, sai ya kai Exeggcute cikin Ultra Space, wata duniya daban da Alola, kafin ya yi amfani da dutsen.