Yadda ake gane asalin motar kwalliyar Amurka ta shekarun 1950

Kuskuren sabon shiga kusan iri ɗaya ne a ko'ina. A nuna masa hoton wata doguwar mota da cikinta ya kusa taɓa ƙasa, sai idonsa ya faɗa kan haƙoran ƙarfen da ke gabanta, nan take ya ce ƙirar kamfanin DeSoto ce. To haƙoran ne kaɗai na DeSoto. Motar kanta sau da yawa Mercury ce ko Chevrolet, an ciro haƙoran daga wata motar an dasa mata.

Bayan yaƙin duniya na biyu, samarin Kalifoniya sukan sayi Ford ko Mercury ko Chevrolet su kai garejin 'yan'uwan nan biyu, Sam da George Barris, a Lynwood, ko wurin Gil da Al Ayala a gabashin Los Angeles, ko Valley Custom a Burbank. Burinsu shi ne motar talaka ta fito da kamannin ta mai kuɗi, kuma wanda ya gan ta a titi ya kasa kiran sunanta. Duk alamar da ka saba gane mota da ita, da gangan aka cire ta. Saboda haka ga yadda za ka bi.

Da farko ka raba ta da motar gudu. Idan ka ga ƙaramar Ford ta 1932 ba madigadi, inji a waje, wannan wata sana'a ce dabam, an rage mata nauyi ne don tsere. Tamu ta kwalliya tayoyinta a rufe suke, bodinta sumul, ƙara mata nauyi ma aka yi da dalmar da ake cike giɓi da tabon walda da ita.

Na biyu, ka sa hannu ka rufe gaban motar da bayanta a hoton. Ragar gaba, fitilu, bamba, marfin taya, ƙarfen adon gefe, babu wanda za ka yarda da shaidarsa. Tambarin kan bonet da na but an kankare su, hannun ƙofa an cire an toshe gurbin. Dubi shahararriyar motar Bob Hirohata da Barris suka gama a 1952: Mercury ce ta 1951, amma fitilun bayanta na Lincoln ne, adon gefenta na Buick, ragar gabanta daga kayan Ford aka haɗa, daga baya kuma aka sa mata injin Cadillac. Wanda ya bi kayan ado zai kira sunaye huɗu, ko ɗaya bai dace ba.

Na uku shi ne rufi da gilashi, kuma a nan ne mutane suka fi zamewa, don haka a nan zan daɗe. Abin da ya fi canza fuskar waɗannan motoci shi ne yanke rufi: a datse ginshiƙan da ke riƙe da shi, a zare inci uku ko huɗu, a sauke shi a yi walda. Sai motar ta koma kamar wanda ya danna hula har gira. Mai koyo yakan ga wannan ya ɗauka wata ƙira ce ta kamfani da bai taɓa gani ba, ko kuma akasin haka, ya ga motar da aka sauke sifirin kawai ya rantse an yanke mata rufi. Masu ɗaukar hoto na lokacin suna son durƙusawa ƙasa, kuma daga can kowace mota rufinta gajere ne.

Kada ka yi hukunci da ido kawai. Nemo hoton irin motar yadda ta fito daga kamfani, wanda aka ɗauka ta gefe, ka gwada tsayin gilashin ƙofa da tsayin ƙarfen ƙofar da ke ƙasansa a hotunan biyu. Idan gilashin ya ragu ƙofar tana nan yadda take, an yanke rufi. Idan gilashin yana nan amma ƙarfen ƙofar ne ya sirance, to wani aikin ne mafi wuya, an zare tsiri daga tsakiyar bodin kewaye da motar baki ɗaya, kuma Valley Custom ne suka yi suna a kansa. Idan duka biyun ba su canza ba amma motar ta kwanta, ko dai sifirin aka taɓa, ko an sauke bodin ya haɗiye shasi.

Sannan ka dubi bayan rufin. Ginshiƙai ba a tsaye cak suke ba, a karkace suke, don haka rufin da aka sauke ba ya komawa daidai mazauninsa. Dole a tura shi gaba, a kwantar da gilashin baya, a cike giɓin da sabon ƙarfe. Hannun gwani a nan yake bayyana: layin ya gangaro daga saman rufi har but ba tudu ba kwari. A wurina motar da ke da ƙusumbi a wannan wuri ta faɗi jarrabawa, komai kyan fentinta. Ta Hirohata an fi rage bayan rufin fiye da gabansa, an kuma cire ginshiƙin tsakiya, shi ya sa ko a tsaye take sai ka ga kamar tana tafiya.

Gilashin gaba ma shaida ne da ba ya ƙarya. Ford da Mercury na 1949 zuwa 1951 gilashinsu falle biyu ne shimfiɗaɗɗu, da ƙarfe a tsakiya. Shimfiɗaɗɗen gilashi yana yankuwa cikin sauƙi, wannan na cikin dalilan da suka sa aka fi yanke rufin motocin waɗannan shekaru. Daga 1952 gilashin ya zama falle ɗaya mai lanƙwasa, zuwa 1955 ya naɗo har gefe, yankan rufi ya yi tsada, mutane da yawa suka haƙura da shi.

Tsakanin Mercury da Ford kuwa, bi layin gefe. Na Mercury yana tasowa daga madigadin gaba ya sauko a kan ƙofa, sannan ya miƙe zuwa baya. Gefen Ford a miƙe yake kuma ta fi gajarta, tazarar tayoyinta inci 114, ta Mercury 118. Shekarar Mercury kuma a gilashin baya take: na 1949 kashi uku ne, na 1950 falle ɗaya, na 1951 ya fi girma kuma madigadin baya ya fi tsawo. Sai dai masu gareji sukan musanya gilashin nan ma, don haka ka haɗa da madigadin.

Bayan ka gano motar, sai shekarar aikin. Yanzu ka ɗage hannunka daga kayan adon nan, domin ranarsu ta zo: ba a iya sa fitilar Cadillac ta 1959 a 1953, saboda haka kayan da ya fi sabunta a jikinta shi ke gaya maka ba a gama ta kafin wace shekara ba. Fitilun gaba huɗu na nufin 1957 zuwa sama. Fenti mai duhu launi ɗaya ko biyu na farkon zamanin ne, zane-zanen mai fenti Larry Watson da jan fentin nan mai sheƙi na Joe Bailon sun zo daga baya. Ni dai na farkon nan su ne motoci, daga ƙarshen shekarun ado ya yi yawa har ya rufe aikin ƙarfen. Launin farantin lambar mota na Kalifoniya ma yana taimakawa: baƙa ce daga 1951, rawaya daga 1956, ta sake komawa baƙa a 1963.

In kuwa motar tana gabanka ne, kada ka dogara da maganaɗisu. Ba ya kama dalma, ba ya kama filar zamani, don haka ba zai raba maka tsohon aiki da sabo ba. Leƙa cikin but da ƙarƙashin rufi ka ga tabon walda. Wanda ya ce maka aikin Barris ne, ka nemi tsohon hoto ko shafin mujallar Rod & Custom da ta fara fita a 1953, domin an ƙera kwaikwayo da yawa, kuma bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne: ta Hirohata ta haura dala miliyan biyu a gwanjon kamfanin Mecum na Janairun 2022.