Yadda nake haɗa injin yin gazuwal daga tsohon man suya da tarkacen Katako

Tun kafin ka je kasuwar Katako ta Yamai ka san cewa tukunya a buɗe ba ta wannan aiki. Methanol, wato irin alkol ɗin da ake haɗawa da sodar yin sabulu don a juya man suya ya zama gazuwal, guba ce: tana shiga ta fata, tururinta yana makantarwa, in ta kama wuta da rana ko harshen wutar ba ka gani sosai. Shi ya sa nake neman tsohon tankin dumama ruwan wanka na kuran, irin wanda ake ratayewa a bango. A rufe yake ruf, yana riƙe zafi, kuma ga ƙarfen dumamawa da na'urar tsaida zafi duk a jikinsa. Mai cin lita 80 ya ishe ka lita 50 na mai.

Ka cika shi da ruwa tun a gaban mai sayarwa, in yana yoyo ka bar masa kayansa. A gida ka kwance murfin ƙasa, ka kankare farin dattin da ruwa ya tara. Za ka ga wata sanda mai ruwan toka kusa da ƙarfen dumamawa. Cire ta, sinadaran suna cinye ta. Daga nan sai wajen mai walda ya huda maka sama ya sa bututun shaƙar iska, wanda za ka ja da tiyo har waje. Duk wata walda a gama ta yanzu. Tankin da ya taɓa shan methanol, mai walda ba ya sake kusantarsa.

Bututu biyu ne a gindinsa. Na ruwan sanyi gajere ne, ta nan famfo zai jawo mai. Na ruwan zafi kuwa dogo ne daga ciki har kusa da rufi, ta nan man zai koma. Famfon injin wanki da mutane ke ɗoki ba shi da ƙarfi, ni ban ga amfaninsa ba a nan. Ƙaramin famfon jan ruwa na gida ya fi. Kafin bakin famfon ka sa mahaɗa mai baki uku da robine, inda bidon na sinadari zai shigo, wani robine kuma can ƙasa na zubarwa. Bututun baƙin ƙarfe za ka nema. Alminiyum da mai farin shafe duk soda tana lalata su. Bidon kuwa, ruwan ɗorawan nan na man girki mai lita 25 ya yi, in ka ga lamba 2 cikin alamar da ke gindinsa.

Inda ake shan kaye shi ne man. A Yamai mai ƙosai da mai suyar kifi ba sa rabuwa da mai sai ya yi baƙi ƙirin, irin wannan kuwa tsaminsa ya yi yawa. Ka tace shi da ƙyalle, ka bar shi a baƙin duro cikin rana ya kwanta. Ɗebi kaɗan ka ɗora a wuta: in yana tatsatsa akwai ruwa, ruwa da soda kuma sabulu suke ba ka.

Sai awon tsamin man, don sanin yawan sodar da za ka sa. Narka giram 1 na soda, wadda mata ke yin sabulu da ita, cikin lita 1 na tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ba. A ƙaramin kofin gilashi ka haɗa mililita 1 na man da 10 na isopropanol (shi ma wani irin alkol ne), ka barbaɗa ɗan garin gangamau. Da sirinji ka riƙa ɗiga ruwan sodar kana kaɗawa har ruwan ɗorawan ya koma ja ya tsaya. Yawan mililitar da ka ɗiga shi ne ƙarin giram na soda a kowace litar mai. Wasu suna farawa daga giram 3.5, ni daga 5 nake farawa in man suya ne. In ka ɗiga 3 ke nan giram 8, sau 50 ya zama 400. Man da ya sha fiye da 6, ka gauraya shi da mai dama-dama ko ka haƙura.

Methanol lita 10 ake sa wa lita 50, kuma ita ce mai wuyar samu. Alkol na kantin magani ba zai maye gurbinta ba, akwai ruwa a ciki. Da sassafe nake haɗawa, musamman a watan Afrilu, a fili, da safar hannu da gilashin ido, ga bokitin ruwa kusa. Zuba sodar cikin bidon na methanol, rufe, ka riƙa jujjuyawa har ta narke duka. Bidon zai yi ɗumi.

Kada ka kunna ƙarfen dumamawa sai mai ya rufe shi. Ka kai zafin digiri 55, kada ya wuce, don methanol tana tafasa a wajen 65. Ka kashe ƙarfen gaba ɗaya, sannan ka buɗe robinen bidon kaɗan-kaɗan famfo yana aiki. Bar shi ya zagaya awa biyu. In kuran ya ɗauke a tsakiya, ci gaba in ya dawo, tankin yana riƙe zafi.

Washegari giliserin, wato dattin da ya ware daga man, ya kwanta a ƙasa, baƙi-baƙi mai kauri kamar zuma. Zubar da shi har sai ruwan ya sauya ya yi haske, ka rufe shi nesa da yara da awaki, don akwai sauran methanol a cikinsa. Gwada mililita 3 na man cikin 27 na methanol: in ya narke tas, aiki ya yi.

Sai wankin man a shuɗin duro na roba mai robine a ƙasa. Da tsohon kan shawa ka yayyafa ruwa a hankali, ka bari ya kwanta, ka zubar, har ruwan ya daina fitowa fari. Ka ɗaure ƙyalle a bakin duron ka bar shi a rana sai ka iya karanta rubutu ta cikin kwalbar man.

Fara gwadawa a injin niƙa ko na ban ruwa, gauraye da gazuwal na gidan mai. Ka ajiye matatar mai ta canji, don wannan man yana wanko tsohon dattin tanki, yana kuma tausasa tsohon tiyon roba. Lokacin hunturu ka rage yawansa a gaurayen in daga manja ya fito, yana daskarewa da asuba.