Yadda nake zaɓen antibodin mayosin II na ƙwayoyin da ba tsoka ba, da yadda nake gwada shi

Antibodi furotin ne da ake samu daga dabbar da aka yi wa allura, yana kama furotin ɗin da kake nema don ka gan shi. Kafin ka biya kuɗin kwalbarsa ko ɗaya, tantance wane furotin mayosin kake nema. Mayosin II da ba na tsoka ba iri uku ne a jikin mutum: IIA daga ƙwayar gado MYH9, IIB daga MYH10, sai IIC daga MYH14. Su ne ke jan zaren furotin aktin idan sel, wato ƙwayar halitta, zai yi tafiya, ko zai manne, ko zai tsinke gida biyu wajen rabuwa. Nauyinsu kusan ɗaya ne, wajen kilodalton 230 (ma'aunin nauyin furotin), don haka wuri guda suke tsayawa a kan jel ɗin da ke raba furotin bisa nauyi. Ido ba zai raba maka su ba, sai antibodi.

Kawunansu, inda ake ƙona ATP, makamashin sel, ana jan aktin, sun yi kama ƙwarai. Bambancin yana can ƙarshen wutsiya. Shi ya sa ni ba na sayen antibodin da takardarsa ba ta faɗi da wane yanki aka yi wa dabbar allura ba. In ta ce ƙarshen wutsiya ne, madalla. In kai ne ko tsakiya, to ƙila ya kama duka ukun. Kada kuma ka ɗauko antibodin MF20 don ya yi suna. Nagari ne, amma aikinsa mayosin tsokar zuciya da tsokar da ke motsa ƙashi.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne gwaji. Layi mai kyau da antibodin ya haska a kilodalton 230 ba shaida ba ne. Shaidar ita ce layin ya ɓace a inda furotin ɗin ba ya nan. Don IIA, filatilet, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, ya isa samfurin da ke da shi, domin shi ne mayosin II ɗin da ke cikinsa. Sel ɗin COS-7, na ƙodar biri, ba su da IIA amma suna da IIB. Zuba su gefe da gefe. Idan antibodinka na IIA ya haska a layin COS-7, yana kama ɗan'uwansa ne, ka rabu da shi. Idan bai haska ba, sake gwada layin da antibodin IIB, ka tabbata akwai mayosin a wurin, ba fanko ka zuba ba. Wanda ya fi duka shi ne ka rage MYH9 da siRNA, mai danne aikin ƙwayar gado, ko ka cire shi da CRISPR, mai yanke ƙwayar gado, a ainihin sel ɗin da kake aiki da su, ka ga layin ya dushe, na IIB kuwa yana nan.

A westan bulot, wato raba furotin a jel sannan a nemo shi da antibodi, tun wajen fasa sel ake yin asara. Mayosin yana riƙe da aktin, kuma a ruwan fasawa mai ƙarancin gishiri mai sabulun Triton kaɗai, da yawansa yakan kwanta a gindin bututu idan an juya a inji. Sai mutum ya kwashe ruwan sama, ya zubar da abin da yake nema. Ni kai tsaye nake zuba ruwan Laemmli mai sabulun SDS a kan sel ɗin a farantinsu, in kankare, in tsittsinka DNA ɗin da sirinji har yauƙin ya mutu, sannan in dafa. Jel na kashi 6 zuwa 7.5 cikin ɗari ya fi dacewa. Furotin mai wannan nauyi ba ya son gaggawa: a kwashe shi daga jel zuwa takardar PVDF a cikin tanki, a bar shi ya kwana a digiri 4 a kan bolt 30, a rage metanol zuwa kashi 10, a ƙara ɗan SDS.

Idan tambayarka ita ce ko mayosin yana aiki, wani antibodi daban kake buƙata, na ƙaramar sarƙar mayosin mai kilodalton 20 da aka liƙa wa fosfet, alamar kunna mayosin, a gurbin Ser19, ko a Thr18 da Ser19 duka. Wannan sai jel na kashi 12 zuwa 15, da maganin hana fosfatas (mai cire fosfet) tun daga fasawa, da furotin BSA a cikin ruwan TBS maimakon madara wajen toshe takardar PVDF. Gwajinsa shi ne maganin Y-27632, mai toshe ROCK, furotin da ke sa a liƙa fosfet ɗin: layin ya kamata ya ragu. Bilebistatin, maganin tsayar da mayosin II, bai dace da wannan gwajin ba, domin kan mayosin yake tsayarwa, ba liƙa fosfet ba.

A madubin gani, kafe sel da farafomaldehaid kashi 4 na minti 10 zuwa 15, ka huda da Triton X-100 kashi 0.1. In za ka haɗa da rinin faloidin don ganin aktin, guji metanol, yana ɓata shi. Abin da kake so ka gani shi ne ɗigo-ɗigo a jere a kan zaren aktin, kamar 'ya'yan carbi, da zobe mai haske a ƙugun sel mai rabuwa. Hasken da ya mamaye ko'ina har cikin cibiyar sel datti ne. Kullum ka bar gilashi ɗaya da antibodi na biyu kaɗai, wato mai hasken da ke kama na farko, don ka ga dattin da yake kawowa.

Wannan aikin ya wuce bincike. A ciwon da ke da nasaba da MYH9, wanda May-Hegglin na cikinsa, filatilet sukan yi ƙato su yi kaɗan, kuma IIA yakan dunƙule a cikin nutirofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. Antibodin IIA a kan jinin da aka shafa a gilashi yana fito da dunƙulen, har waɗanda rinin Giemsa ba ya nunawa sosai. Wanda ba a gane nasa ba, ana iya ɗaukarsa mai ITP, ciwon da garkuwar jiki ke lalata filatilet, a yi ta ba shi siteroid a banza.

Da kwalbar ta iso, in takardarta ta ce a daskare, rarraba ta ƙanana-ƙanana tun ranar, ka ajiye a firizar da ke kan sola ko janareta, can ciki, ba a jikin ƙofa ba. Narkewa da sake daskarewa duk lokacin da aka ɗauke wuta yana kashe antibodi. Rubuta lambar rukunin a littafinka, musamman in folikulonal ne na zomo, wato cakuɗen antibodi iri-iri daga jininsa, kuma idan sabon rukuni ya zo, ka maimaita gwajin filatilet da COS-7 kafin ka taɓa samfurin gaske.