Bayan an cire tsiro a hanji, yaushe za a koma awon koloskofi?

Duk wanda aka duba masa babban hanji da kyamara, awon da likitoci ke kira koloskofi, aka ga tsiro aka cire, akwai takardu biyu da ya kamata ya riƙe hannu bibbiyu. Ta farko likitan da ya yi awon ne ke rubuta ta a ranar: tsiro nawa ya gani, girman kowane, ko ya fitar da shi duka, da ko hanjin ya wanku sarai. Ta biyu daga labo take fitowa bayan wasu makwanni, ita ke faɗin irin naman. Ko bayan wata 6 za a koma ko bayan shekara 10, daga takardun nan biyu ake yanke magana.

Na daɗe ina aikin jinya a nan Maradi, kuma maƙwabta sun saba kawo mini takardun asibiti in karanta musu, tunda da Faransanci ake rubuta su. Sau da yawa ta farkon kaɗai ake kawowa. Wani dattijo a unguwarmu ya miƙo mini tasa a naɗe cikin leda. Na ce, "Baba, ina ta labon?" Ya ce, "Ai ɗiyata, likita ya ce ya cire, kuma na ji sauƙi." Da na matsa, sai ga ƴar kwalbar da aka ba ɗansa ya kai labo, tana nan kan kanta a ɗaki, da ɗan guntun nama yana yawo cikin ruwan magani. To don Allah, in an ba ku kwalba, ku kai ta inda aka ce, ku biya, ku koma ku karɓi sakamako. Ko da a Yamai aka yi awon, ko Kano, a samu wanda zai karɓo ya turo hotonta ta WhatsApp.

Ba duka tsiro ne iri ɗaya ba. Wanda aka rubuta wa "hyperplasique", in ƙarami ne kuma a ƙarshen hanji yake, ba shi da wata illa, sai bayan shekara 10. Wanda ake sa wa ido shi ne "adénome", domin shi ne a hankali, cikin shekaru kamar 10, yake iya rikiɗewa ya zama ciwon daji. Cire shi ya kashe wannan maganar, amma hanjin da ya taɓa fitar da ɗaya yana iya fitar da wani, kuma kyamara kan tsallake ƙanana.

Sai a duba girma. Iyakar da likitoci suka sa ita ce milimita 10, wato kamar ƙwayar gujiya. A ƙa'idar da kwamitin likitocin hanji na Amurka ya fitar a 2020, mai adenom 1 ko 2 da ba su kai milimita 10 ba zai koma tsakanin shekara 7 zuwa 10. In 3 ne ko 4, tsakanin shekara 3 zuwa 5. Daga 5 zuwa 10, shekara 3. In sun haura 10, shekara ɗaya tak, kuma a bincika ko gado ne a dangi. Ƙungiyar likitocin awon ciki ta Turai, ita ma a 2020, ta fi sassauci kaɗan: har ƙanana 4 tana ganin ba sa bukatar bibiya ta kusa. Shi ya sa za ka ji wannan likita ya ce shekara 5, wancan ya ce 10, kuma kowa da hujjarsa.

Inda ba su saɓa ba shi ne inda na fi so a ji ni. Adenom ko da ɗaya ne, in ya kai milimita 10, ko takardar labo ta ce "dysplasie de haut grade", wato naman ya sauya sosai har ya kusa zama ciwon daji, komawa shekara 3 ce, ba ciniki. Likitocin Amurka sun ƙara da adenom ɗin da aka rubuta wa "villeux", wato mai kamar gashi-gashi a jikinsa. Wani irin tsiro daban da ake kira "festonné" shi ma in ya kai milimita 10, shekara 3. In kuwa babba ne, milimita 20 ko fiye, har sai da aka yanka shi gutsi-gutsi kafin ya fita, to cikin wata 6 a koma a duba gurbin, ko saura ya sake tohowa. Wannan ne randebun da na fi jin tsoron a yi wasa da shi, don a lokacin mutum lafiyarsa lau yake ji, ga kuɗin mota da na awo bai gama farfaɗowa daga gare su ba.

Akwai kuma masu tsoro, waɗanda ke son a riƙa duba su kowace shekara. In takardarka ta ce ƙanana ne 1 ko 2, ka kwantar da hankalinka. Awon yana da ɗan hatsarinsa, zubar jini ko hujewar hanji, ko da yake ba kasafai ba, kuma yawan maimaita shi ba gaira ba dalili ba ya ƙara maka kariya.

Duk lissafin nan yana aiki ne in hanjin ya wanku. In likita ya rubuta cewa bai gani da kyau ba, ko kyamarar ba ta kai ƙarshe ba, sakewa ake yi cikin shekara guda. Don haka wankin cikin a yi shi da gaske. Kwana 3 kafin awo a bar wake, zogale, kuɓewa, riɗi, tumatir da duk abinci mai dusa, har da fura. Maganin da aka fi bayarwa, irin su Fortrans, ana jiƙa kowane ƙunshi a lita ɗaya ta ruwa, a sha lita 3 zuwa 4 yadda likita ya tsara. Ba shi da daɗi, na sani, amma in an sanyaya shi yana shiga. Ana gane an wanku in bayan gida ya koma ruwa tsarai mai ɗan rawaya. Mai shan ƙwayar ƙarin jini, ko maganin suga, ko na tsinka jini, ya faɗa wa likita tun ranar karɓar randebu. Kuma a kauce wa watan azumi in da hali.

Shekara 3 ba kusa ba ce, mantuwa kuwa halin ɗan Adam ne. Ni shawarar da nake bayarwa, a sa likita ya rubuta wata da shekarar komawa a karne da hannunsa, a ɗauki hoton takardun, a shaida wa babban ɗa ko ɗiya. In lokacin ya faɗo a tsakiyar damina, a matso da shi baya zuwa bayan kakar da ta gabace shi, lokacin da akwai ɗan abin hannu. Gara a riga lokaci da a wuce shi.

Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon dajin hanji kafin shekara 60, nasa lissafin daban ne: yakan fara awo a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da ciwon ya kama ɗan'uwan, ya riƙa komawa duk shekara 5. Wanda kuma ya haura 75, sai ya zauna da likita a auna ƙarfin jikinsa kafin a ce a ci gaba.

Sannan ranar randebu ba ta hana zuwa asibiti kafin ta. Jini a bayan gida, rama ba dalili, ƙarancin jini, ko gudawa da taurin ciki da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa, duk abin zuwa ne nan take. A garin nan kowane jini basir muke ce masa, mu nufi mai magani a kasuwa. Wanda aka taɓa cire wa tsiro, kada ya ce basir ne sai likita ya duba, kuma ya tafi da takardunsa duka biyu.