Yadda nake koya wa cikakken aji karatu, da mutanen da suka tsaya mini

Zuwa ga ƙannena da suka gama NCE, wato karatun shaidar malanta, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, aka tura su aji ɗaya ko aji biyu na firamare. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ya riƙe yara 35. Za ku shiga aji ku tarar da ninkin haka, wasu kan benci, wasu kan tabarma. Kada gabanku ya faɗi, ana iya koya musu karatu a haka, in dai an bi a hankali.

Makon farko ban cika buɗe littafi ba. Ina kiran yara ɗaya-ɗaya gefen allo, in nuna harafi, in nuna gaɓa, in nuna kalma. Daga nan nake raba su uku: waɗanda ba su san harafi ba, waɗanda suka san haruffa amma ba su iya haɗawa, da masu karanta kalma. Kowane rukuni da wurin zamansa. Masu karanta kalma su ne mataimakana, ina ba kowannensu yara kaɗan ya zauna da su.

Ga abin da nake so ku riƙe da kyau. Yaron Sakkwato ba ya zuwa boko da kai fanko. Yawancinsu sun fara makarantar allo, sun san babbaƙu, wasu har sun shiga farfaru. Wato sun riga sun gane cewa baƙi shi kaɗai ba ya faɗuwa sai an ba shi wasali. To ku ɗora a kan wannan. Ku rubuta n, ku ce wannan kamar nun ne, in an sa masa a sai ya zama na. Ku fara da haruffa kaɗan, n, a, k, m, domin a kwana kaɗan yaro ya karanta kaka da mama da kansa. Ranar da ya yi haka, ku dubi fuskarsa. Sai dai ku lura da hannunsa, don allo daga dama ake fara shi, boko kuwa daga hagu. Ina sa ɗigo a gefen hagu na kowane littafi in ce nan ne ƙofa. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a bar su sai ƙafa ta tsaya. In kuma yaro ya ce hwari maimakon fari, kada a yi masa tsawa. Harshen gidansu ne. A nuna masa yadda ake rubutawa kawai.

Batun harshen koyarwa, a 1977 manufar ilimi ta ce a fara da harshen uwa a shekarun farko, gwamnatoci kuma sun sha juya maganar. Ra'ayina bai canja ba. Yaron da ya iya haɗa gaɓa da Hausa ya fi saurin kama Turanci, don abu ɗaya kawai ya rage masa, wato sabon harshe.

Kayan aiki ba sai an jira gwamnati ba, kuma nan ne godiyata take. Maigidana ne ke bi shagunan unguwa yana karɓo mini kwalayen da aka zubar, da dare mu zauna da yara muna yankawa, babbar ɗiyata tana rubuta haruffa da manyan baƙi. Yayana kafinta ya gyara mana benci bai karɓi ko sisi ba, ya ce ladan ya ishe shi. Inna kuwa, Allah ya saka mata da Aljanna, ita ke riƙe mini jinjiri har a tashi. Akwai ƙawata da muke koyarwa tare, wadda ta koya mini tara marafan kwalba don lissafi, kuma watan da albashi ya yi jinkiri ita ta biya mini kuɗin kabu-kabu ba tare da na roƙa ba. Ku ma ku nemi irin waɗannan mutane tun da wuri, ku faɗa musu abin da kuke buƙata a fili, ku kuma gode musu a gaban jama'a.

Lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, ku sa karatu a darasin farko kafin rana ta ɗaga. Bayan tara, sai waƙa da zane.

Ku san haƙƙin yaran nan. A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE, wato ilimin bai-ɗaya na matakin farko, a 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta ce karatun shekara 9 kyauta ne, dole ne. Gwamnatin tarayya na ware wa shirin kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarta, amma jiha ba ta samun rabonta sai ta ajiye nata daidai da shi. Don haka in rufin aji ya yaye, ku rubuta wa shugaban makaranta, a kai gaban SBMC, kwamitin al'umma mai kula da makaranta, su tura wa SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Maganar da aka rubuta ta fi wadda aka yi a ƙarƙashin bishiya.

Yarinyar da ta daina zuwa, ku je gidansu da kanku bayan la'asar. Ku gaida uwar da ladabi, ku zo da littafin ɗiyarta ta gani. Nakan tuna musu cewa Nana Asma'u ta naɗa jajis, wato malamai mata, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, ƙungiyarsu ta 'yan taru kuma tana nan har yau. In talla ce ta hana, ku roƙi a bar ta ta zo da safe, ta ɗauki tire bayan an tashi. Iyaye da yawa suna yarda da wannan.